Iyafulon mota ya yi datti: a wanke ko a sauya, kuma in wankin ne da me?

Cikin hunturun bara Corolla ta, ƴar 2005 mai injin 1.8, ta fara wani hali da ban san ta da shi ba. Da safe ta tashi lafiya lau, amma in na hau titi na taka totur zan wuce babbar mota sai ta yi kamar tana shawara, ta ɗan yi jim sannan ta fizga, ga mai yana tafiya kamar tankin ya huje, kuma kowa ya san tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba mai son ganin allurar mai tana sauka ba dalili. Na kai ta gareji, ogan baya nan, yaronsa ya buɗe bonet ko tambayata bai yi ba ya ce "yallaɓai iyafulo ne", ya kwance shi, ya ɗauko gwangwanin wankin kafireto ya fesa masa kamar mai kashe kyankyaso, sannan ya naɗa tsumma a bakin sukundireba ya zura ciki yana juyawa. Ni kuma ina tsaye ina kallo har ina jin daɗi wai ana yi min aiki da kyau. Da aka mayar aka tayar, motar ta yi gyaran murya sau biyu ta mutu, wutar cek injin ta kama, daga nan ba ta ƙara yin sulo ba sai da na sayi wani. Ashe yaron ya tsinke wayar da ke ciki. Motar da ta shigo da ƙafarta tana ɗan tari ita ce ta kwana a garejin.

Tun daga ranar na zauna na fahimci abin nan, kuma na ga yawancin asarar da mutane ke yi a kansa ba wai lalacewa yake da kansa ba, wajen gyaran ne ake kashe shi.

Iyafulo dai shi ne wannan ɗan baƙin robar mai soket da ke maƙale jikin tiyon iska, tsakanin akwatin iyakilina, wato gidan filtar iska, da bakin injekta. A kan sikana, wato na'urar da ke karanto matsalar mota, ana rubuta shi MAF. Aikinsa ya auna nauyin iskar da ke shiga inji ya faɗa wa birenbokis, wato kwamfutar motar, shi kuma birenbokis ya lissafa man da nozul za su fesa, don injin fetur yana son wajen kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai. Yadda yake aunawar ne ya sa yake da laushi. Akwai wata siririyar waya ta filatinam a ciki, siririya kamar gashi, ana ɗumama ta da wuta, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, to yawan wutar da ake buƙata don ta tsaya a zafinta shi ne ma'aunin iskar. In ƙura da maiƙo suka lulluɓe wayar sai ta zama kamar wanda ya rufa da bargo, iska na kaɗawa amma ba ta ji sosai, sai ta riƙa ba da rahoton ƙarya, musamman in an taka wuta ta ce iskar kaɗan ce alhali da yawa ce, birenbokis ya rage mai, mota ta rasa ƙarfi. Mu da muke shan ƙurar hunturu daga Nuwamba har Fabrairu ko Maris, ga hanyoyin unguwa marasa kwalta, wannan datti ba sai an jira shekaru ba.

Kafin a zo maganar wanki akwai abu biyu da ya kamata ka tabbatar, don na ga wanda ya sayi gwangwani ya zo yana neman abin da motarsa ba ta da shi. Ba kowace mota ke da iyafulo ba. Tsofaffin Honda irin su Hala da Bulldog da Baby Boy da MAP suke aiki, wato ma'aunin matsin iska a manifol, haka Fijo 406 mai fetur, ita sai ta dizal HDi ce ke da iyafulo. Sannan masu shi ma iri-iri ne. Na Toyota irin Corolla da Camry Big Daddy da Muscle da Sienna na kamfanin Denso ne mai waya, shi ne ya fi karɓar wanki. Na Marsandi da BMW da Volkswagen galibi na Bosch ne mai ɗan siririn faranti maimakon waya, ana iya fesa masa amma sau da yawa in ya fara ƙarya tsufa ne ba datti ba, wanki ba ya dawo da shi. Akwai kuma na tsofaffin Mitsubishi irin Pajero da Galant, da Lexus LS400 ta farkon shekarun 1990, wanda ake kira Karman, shi ba da zafin waya yake aiki ba, kuma wannan kam kada ka fesa masa komai, ka bar shi yadda yake.

Na biyu, ka tabbatar shi ne mai laifin. Nan ne ƴar na'urar ELM327 ke biyan kuɗinta, wadda ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari a haɗa da waya ta bulutut, duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan soket ɗin. In ba ka da ita rewaya mai sikana zai duba maka. Lambobin da ke nuna iyafulo su ne P0100 zuwa P0104, amma ba duk ma'anarsu ɗaya ba. P0101 yana cewa karatun bai yi daidai da abin da ake tsammani ba, wannan datti na iya jawo shi. P0102 da P0103 kuwa sun fi karkata ga wayarin, ko soket ya saki, ko ɓera ya ci waya, ko sensan ya mutu gaba ɗaya, in ka wanke shi sau goma ba abin da zai canza. Sai P0171, da P0174 a injin V6, waɗanda ke cewa mai ya yi kaɗan a kan iska, kuma su ne suka fi yaudarar mutane saboda tiyon iska da ya tsage ko fuwel famfo da ya gaji ko nozul da suka toshe duk suna kawo su.

Dabarar da wani dattijon rewaya ya nuna min ita ce ka kalli LTFT a sikana, wato yawan man da birenbokis ke ƙarawa ko ragewa don ya gyara kuskure. In yana tsakanin kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa lafiya lau ne, in ya haura kashi 10 akwai magana. To ka duba shi a sulo bayan inji ya yi zafi, sannan ka riƙe totur allurar juyin inji tana wajen 2500. In lambar tana da yawa a sulo amma ta sauko da ka taka, iska ce ke satar hanya ta wani wuri bayan iyafulon, je ka nemi tsaga a tiyo ko gasket. In kuwa a sulo ba laifi amma tana hawa yayin da kake ƙara wuta, to ka fara zargin iyafulo ko famfon mai. Sannan karatun iyafulon kansa, a sulo da AC a kashe, yakan zo kusa da girman injin a lita, injin 1.8 ka ga wajen giram 2 a sakan ko sama kaɗan, na 2.4 wajen biyu da rabi zuwa uku. Ba doka ba ce amma tana haska hanya. Makanikai kuma suna da tasu, su zare soket ɗin su ga ko motar za ta gyaru, in ta gyaru su ce shi ne. Tana aiki wani lokaci, amma wasu motocin mutuwa suke nan take ko da sensan lafiyarsa ƙalau, kuma zarewar tana kunna cek injin, don haka ni ba na yanke hukunci da ita kaɗai.

To a ce an tabbatar datti ne. Da me za a wanke?

Abin da aka yi don aikin shi ne feshin da aka rubuta MAF ko Air Flow Sensor Cleaner a jikinsa ɓaro-ɓaro, CRC na yi, Liqui Moly ma na yi. Amfaninsa guda biyu ne, yana bushewa cikin mintuna ba ya barin komai a kan wayar, kuma ba ya cin roba. Ga ɗan jan tsinken da ke zuwa da shi wanda ke kai feshin can cikin lungu ba tare da ka taɓa komai ba. Aibinsa tsada, ya fi na kafireto nesa ba kusa ba, kuma ba kowane shago ke da shi ba, a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja sai ka ɗan zaga, kuma in ka ce "na wankin iyafulo" rabin masu shago na kafireto za su miƙo maka su ce ai duk ɗaya ne oga. Ba ɗaya ba ne. Karanta jikin gwangwanin da idonka. Amma fa gwangwani ɗaya zai yi maka wanki da yawa, don fesawa goma zuwa sha biyar ake yi a kowane wanki, in ku uku ne abokai masu mota ku haɗa ku saya, shekara biyu ba zai ƙare ba.

Na biyu a wajena shi ne sifirit ɗin masu gyaran waya, wanda suke kira IPA, wanda suke wanke allon waya da shi in ta faɗa ruwa. In kana Kano ka shiga Farm Centre za ka samu, kuma duk garin da ke da masu gyaran waya akwai shi. Mai kashi 99 ake so. Yana da araha sosai, ba ya cin roba, ba ya barin saura. Inda ya gaza shi ne ba shi da ƙarfin feshi, sai dai ka zuba a sirinji marar allura ka tsiyaya a kan wayar, ko ka sa ƙasan sensan a ƴar leda mai tsabta ka zuba ka girgiza a hankali, kan da ke da soket yana waje. Ƙura busasshiya yana fitar da ita tas, amma in maiƙo ne ya daɗe ya kama sai ka maimaita sau biyu ko uku, kuma bushewarsa ta fi ɗaukar lokaci. Kada a haɗa shi da sifirit ɗin kemis na wanke ciwo, wancan akwai ruwa a ciki, wani ma da kala, ruwan kuma yana maƙalewa a lungu.

Akwai feshin wanke kayan lantarki da masu gyaran rediyo da talabijin ke amfani da shi. Shi a tsakiya yake. Wanda ke bushewa ƙaf kuma aka rubuta ba ya cutar da roba zai yi aiki in ba ka samu na farko ba, amma da yawansu ana sa musu ɗan mai don makunni ya riƙa santsi, to wannan ɗan man shi ne zai zauna a kan wayar ya kama ƙura. Gwajin ba wuya, fesa a kan madubi ko gilashin waya ka jira minti biyu, in ya bar tabo ko santsi ka ajiye shi.

Yanzu ga wanda kowane gareji ke da shi, na kafireto. Na san wani zai ce shi shekara goma yana wanke iyafulo da shi bai taɓa ganin matsala ba, kuma ba zan ce ƙarya yake ba, wani lokacin ana tsira. Amma abin an yi shi ne don narkar da baƙin dattin da ya daskare a jikin ƙarfe, sinadaran da ke ciki irin su asiton da toluwin suna da zafi, iyafulo kuma jikinsa roba ne, da gam ɗin da ya rufe lantarkin ciki, da ƴar zoben robar da ke hana iska shiga. Fesa shi a jikin baƙar roba ka ga yadda take yin fari-fari tana dusashewa, to haka yake yi a inda ido ba ya gani. Abin haushin shi ne ba lallai ya mutu ranar ba, sai bayan wata guda ko biyu ya fara ƙarya, lokacin ka manta da wankin, a ce maka ai dama ya tsufa. Na wankin birki ma kusan haka, wani ma ya fi zafi a kan roba. Ka ajiye na kafireto don bakin injekta, nan ne gidansa.

Fetur da kananzir da WD-40 kuwa ban ma so in ɓata baki, duk suna barin maiƙo, WD-40 aikinsa kenan ma ya bar maiƙo. Ka wanke abu don ka cire maiƙo ka shafa masa sabo.

Sai hanyoyin da ba ruwa, su ne suka fi kisa nan take. Iskar kwamfuresa ta mai faci, auduga mai tsinke ta goge kunne, buroshi, tsumma a bakin sukundireba irin na yaron garejin nan. Wayar nan ba ta jure taɓawa ko kaɗan, in ba ta tsinke ba za ta lanƙwashe, in ta lanƙwashe karatunta ya canza har abada. Hura wa da baki ma ba shi da amfani, dattin a manne yake ba a zube ba, ga yawu.

In ka samu feshin da ya dace, aikin bai kai minti talatin ba har da jiran bushewa, kuma a gida za ka yi. Kashe mota ka zare makulli, ka bari injin ya huce, don fesa sanyi a kan waya mai zafi ba alheri ba ne, kuma feshin yana kama wuta, saboda haka ba sigari ba kusa da janareto. Danna kilif ɗin soket ka ja soket ɗin kansa, ba wayoyin ba, robar ta sha zafin inji shekara da shekaru tana karyewa kamar biskit. A Toyota sukurori biyu ne kawai, ka danna sukundireba da ƙarfi kafin ka juya don kansu na saurin cinyewa, wasu motocin Turai kuma sukuron mai tauraro ne da ɗan tsinke a tsakiya, sai da makullinsa. Zaro shi a miƙe. Ga inda mutane da yawa ke kuskure, har da ni a karon farko, in ka zaro na Toyota za ka ga wani ɗan abu kamar ɗigon ƙaro a gefe, a fili, yawanci gefensa ɗaya ya yi baƙi da ƙura. Wannan ba shi ne iyafulon ba, ma'aunin zafin iska ne. A wanke shi ba laifi, amma wayoyin gaske suna can sama cikin ramin, sai ka juya shi ka haska da fitilar waya za ka hango ƴan siraran abubuwa biyu a kwance. Lokacin da na haska nawa na ga sun yi furfura kamar an barbaɗa musu toka, bayan feshi suka koma suna ƙyalli. Riƙe tsinken feshin ɗan nesa, kada ya shiga ya taɓa, ka yi ta gajeren feshi kana juya sensan ruwan na zuba ƙasa, kada ka bari ya gangara cikin soket. Ajiye shi a kan takarda mai tsabta a inuwa inda ba ƙura, ka ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin, in IPA ne ka ba shi awa guda ba abin da za ka rasa. Kada ka mayar da shi a jiƙe, kada ka sa masa soket ka kunna don wai ya bushe da wuri. Wajen mayarwa duba zoben robar yana nan bai murɗe ba, in irin wanda ke cikin bututu ne akwai kibiya a jiki tana nuna inda iska ke bi, ta kalli inji. Sukurorin a roba suke shiga, ɗaurin hannu ya isa.

Bayan nan a goge lambar da sikana. Motar tana iya yin ɗan rawa a sulo na kwana ɗaya ko biyu kafin birenbokis ya saba da sabon karatu, kada ka tsorata. Wasu na cire kan batir don ya manta tsohon lissafi, yana yi, amma a wasu motocin rediyo zai nemi lambar sirri, wasu kuma sulonsu ya rikice sai an sake koya wa bakin injekta, Nissan ta yi suna a wannan, don haka in da sikana ita ta fi.

To in an wanke ba a ga canji ba fa? Ni ra'ayina wanki sau ɗaya ne, in an yi shi daidai kuma LTFT bai motsa ba bayan tafiyar kwana biyu uku, ko dai ba shi ne matsalar ba ko kuma ya gaji, sake wankewa ɓata feshi ne. Nan sai maganar saye, kuma ita ma uku ce.

Sabo na asali, Denso ko Bosch ko Hitachi gwargwadon motarka, shi ne kwanciyar hankali in har na asalin ne. Matsalar kwali ba ya nuna gaskiya, jabun yanzu har da tambari da leda da komai, kuma in aka faɗa maka kuɗin da bai kai rabin na sauran shaguna ba ka san abin da kake saya. Sabo ɗan Chana marar suna shi ne mafi araha kuma shi ne wanda na fi gudu, ba don ba ya tashi ba, yana tashi, wutar cek injin ma tana iya mutuwa, amma awonsa ba daidai yake da abin da birenbokis ɗin motarka ya sani ba, sai ka ga mota na shan mai fiye da da, fulogi na yin baƙi, hayaƙi na wari, a hankali indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, ya toshe, kuma kuɗin indomi ya ninka na iyafulo sau nawa. Abin da ka rage a shago za ka biya shi a gidan mai cikin ƴan watanni ba ka sani ba. Na sa irinsa a Corolla bayan waccan ɓarnar saboda aljihu ya yi ƙasa, sati uku na cire shi.

Ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da aka yanka, shi ne abin da yawancinmu ke ƙarewa a kai, kuma ga Toyota ni ina ganin ya fi sabon jabu sau goma, don na Denso suna da rai sosai. Amma da sharaɗi. Lambar da ke jikinsa ta zama daidai da ta naka harafi da harafi, na Toyota suna farawa da 22204 sai sauran lambobi biyar, kuma waɗannan biyar ɗin su ne magana, don akwai masu kama ɗaya sak, soket ɗaya, su zauna daram a ramin, amma an saita su don wani injin daban. Ka tafi da tsohon naka a aljihu. Ka haska ciki ka ga wayoyin a miƙe suke, ka duba robar ba ta yi farin nan na feshin kafireto ba, don wani abin da ake kira Beljiyam a nan garin aka ciro shi daga motar wani aka wanke. Kuma ku yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa za ka gwada, in bai yi ba ka dawo da shi, mai kayan kirki ba ya ƙin wannan, yawanci zai sa masa alama da fenti ya ce ka je. Ga motocin Jamus masu Bosch kuwa lissafin ya juya, tunda su tsufa ke kashe su, ɗan Beljiyam na iya zama ya kusa ƙarewa shi ma, in da hali sabon Bosch ya fi.

Saboda haka in ka tambaye ni a tsaye, mai Toyota ko Lexus ko Nissan da motarsa ta rage ƙarfi, ga P0171 ko P0101, tiyo ba tsaga, ya fara da feshin MAF, in bai samu ba IPA. Mai P0102 ya fara da rewaya ya duba soket da wayarin kafin ya kashe ko sisi. Mai Marsandi ko Golf ko Passat ya gwada wankin don ba shi da tsada amma ya fara tara kuɗin sabo. Wanda motarsa lafiya lau take kuwa, ba wuta ba fizga, ba dole ba ne ya riƙa kwance shi duk sabis, sau ɗaya a shekara bayan hunturu ya wuce ya isa, don kowace kwancewa dama ce ta karya kilif ko yar da zobe.

Abin da ya kawo dattin tun farko kuma iyakilina ne, in ba a gyara nan ba wata uku za ka dawo. Al'adarmu ta a cire filta a kai wa mai faci ya hure da kwamfuresa a mayar, tana buɗe ƙananan ramuka a takardar da ido ba ya gani, ƙura mai laushi ta wuce kai tsaye kan wayar. Filta mai araha wadda bakinta bai zauna daidai a akwatin ba ita ma haka, ga kilif ɗin akwatin da ya karye aka ɗaure da waya ko aka bar shi haka. Masu sa filtar nan mai mai irin K&N, in aka cika mata mai wajen sabis man na bin iska ya sauka a kan wayar. Da na buɗe akwatin tawa bayan duk wannan wahalar sai na tarar kilif ɗaya babu, murfin ya ɗaga kamar faɗin yatsa ta baya inda ba a gani, ga layin jar ƙasa ya bi ta gefen da ya kamata ya zama mai tsabta har cikin tiyo. Na shafa da yatsa ya fito ja. Kilif ɗin na samo a Ƙofar Ruwa wajen masu kayan Beljiyam, mai shagon ma bai karɓi kuɗi ba, ya ce in haɗa da iyafulon da na saya.